Gidajen Yashin Kuza

Dakta Lai'atu Chollom ta gina gidaje tara a gefen unguwar Nasarawa Gwom da ke Jos, ta shafe cikin ɗakunansu da yashin kuza.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. A lokacin ba ta zama Dakta ba, ƙaramar malama ce a sashen gine-gine na jami'a. A daminar shekarar ruwa ya ci gidaje a unguwar Gangare. Wata ƙungiya ta zo tana neman wanda zai zana wa mutanen da suka rasa matsuguni gidaje masu sauƙi. Manyan malamai suka kawo zanen bulo da siminti. Ita ta kawo na jar ƙasa. Aka yi mata dariya a ɗakin taro, aka kuma ba ta aikin.

Ta san abin da take nema. A wani ƙauye bayan Bukuru ta tashi, a ɗaki ɗaya marar taga. A ciki uwarta take hura wuta saboda sanyi, hayaƙi ya cinye mata ƙirji ba ta kai hamsin ba. Duk karatun Lai'atu a kan wannan ya tsaya. Sanyin Jos ba ya raga wa kowa. Ka toshe taga, tari ya kama gidan. Ka buɗe, sanyi ya kama yara. Gidan da take so shi ne wanda zai fitar da hayaƙi ya riƙe ɗumi. Ta sa ƙananan kafofi a sama kusa da rufi. Ta yi bango mai kauri da tubalin jar ƙasa. Sannan ta nemi shafe mai nauyi, wanda zai sha ɗumin rana da na girki ya riƙa sakinsa a hankali.

A nan yashin kuza ya shigo. Turawa sun yi shekara da shekaru suna haƙar kuza a Filato. Da suka tafi suka bar ramuka cike da ruwa, da tsibi tsibi na yashin da aka wanke aka zubar. Yashi ne mai duhu, mai nauyi, yana ƙyalli idan rana ta doke shi. Ba shi da mai shi. Tun tana yarinya ta ga mata suna ɗiba suna daɓe ɗaki, ta ga magina suna cika tifa da shi. Ita ba ta ƙirƙiro komai ba. Aunawa ta yi, ta rubuta. Ta gwada ƙarfinsa, ta gwada yadda yake riƙe ɗumi, ta gwada shi da ruwa. Abu ɗaya ne ba ta gwada ba, domin a sashen gine-gine ba wanda ya taɓa ambatarsa.

Maginin da ya yi mata aikin Malam Jika ne, mutumin Gangare. Shekararsa talatin yana gini, ba a taɓa rushe bangonsa an sake ba. Shi ma ruwan ya tafi da gidansa. Ranar da aka haɗa su ya dubi takardar zanenta, ya dube ta.

"Ke kin taɓa kwaɓa ƙasa da ƙafarki?"

"Na taɓa, Baba."

"Da wannan takalmin?"

Ta cire takalmin ta shiga kwaɓin har gwiwa. Washegari ya zo da cokalin gininsa.

Wata bakwai suka yi. Da aka gama aka ba shi gida na tara, na ƙarshe a layin, ya shiga da iyalinsa.

Gidajen suka ɗaga ta. Duk shekara tana komawa ta ƙirga masu tari, lissafin yana raguwa. Ta rubuta takardu, aka buga su a ƙasashen waje. Ta zama Dakta. Ta hau jirgi ta je ta yi bayani a gaban mutanen da ba su taɓa ganin ramin kuza ba, suka tafa mata, suna cewa ta mai da shara abin amfani. Ɗalibanta suka kwafi tsarin suka kai wasu garuruwa. Bana kuma ta miƙa takardunta na zama Farfesa. Masu dubawa suka ce aikin ya yi, sai dai ɗaya daga cikinsu ya nemi a sake auna iskar ɗakunan, don a ga ko har yanzu suna nan yadda aka rubuta.

Na'urorin sashenta sun lalace. Ta roƙi Dakta Chibueze, malamin kimiyya, haifaffen Jos, ya raka ta da nasa.

Ranar Talata ce a watan Agusta. An kwana ana ruwa, gari ya waye da farin hazo kwance a kan duwatsu. Suka bar mota a bakin titi suka taka. Hanyar ta bi ta gefen wani tsohon ramin kuza. Ruwansa kore ne, ba ya motsi, ko kwaɗo ba ya kuka a ciki. Gidajen tara suna jere a bayansa, jajaye, ba tsaga ko ɗaya.

Suka fara da na tara. Malam Jika ba ya nan, ya tafi duba wani gini. Surukarsa Hussaina ce ta fito, matar ɗansa Nura, da tsohon ciki, na fari.

"Mama Dakta! Yau ma hotonmu za a ɗauka? Ai da kin aiko na sa jan baki."

"Wannan cikin naki ma ya ishi hoto. Wata nawa?"

"Bakwai. Mako mai zuwa zan tafi gida goyon ciki. Sai na yi arba'in za ki gan ni, da ɗan naki a baya."

"Ko 'yar tawa."

"Baba ya ce namiji ne, magini. Ya riga ya yanke hukunci, mu namu bi."

Suka shiga falo. Chibueze ya ajiye jakarsa a jikin bango, ya fara fito da na'urorin auna hayaƙi. Ɗakin da ɗumi, ko da yake kwana biyu ba a ga rana ba. Lai'atu ta ɗaga kai ta duba kafofin sama kamar yadda ta saba. A buɗe suke, tsaf. Babu yanar gizo-gizo.

"Kin share su, Hussaina?"

"Ina zan iya hawa da wannan kayan? Gidan nan ba ya tara ƙwari, Mama Dakta. Tun da aka kawo ni ban ga gizo-gizo ba, ban ga tsaka ba. Kyankyaso ma sai a tsakar gida. Ƙawayena har cewa suke mun yi asiri."

Hussaina ta yi dariya. Da dariyar ta ƙare sai ɗakin ya yi tsit, a cikin shirun suka ji wani abu.

Ƙas. Ƙas ƙas. Ƙas.

Kamar ƙwaro yana cin azara. Hussaina ta dubi rufi. Lai'atu ta dubi ƙasa. Chibueze kuwa jakarsa yake kallo. Ya tsugunna ya zuge ta, ya fito da wani ƙaramin akwati rawaya mai kamar tsohuwar rediyo.

"Na manta ban kashe shi ba," ya ce. "Jiya mun je aiki wajen masu haƙar kuza."

Bai kashe ba. Ya taka zuwa tsakiyar ɗaki, sautin ya ragu. Ya koma wajen bango, ya ƙaru. Ya kara akwatin a jikin shafen, sai ya ɗauka kamar ana soya gugguru.

"Rediyon naka ba ya kama tasha, Oga," in ji Hussaina.

"Ba ya kamawa," Chibueze ya ce, ya danna ya kashe. Fuskarsa ta canza. "Oga Madam, zo mu duba wani abu a mota."

Ba su kai mota ba. A bakin ramin ya tsaya.

"Da me kika yi shafen nan?"

"Ka sani. Ka zo taron da na yi bayani."

"Na zo na ci abinci ne. Ban saurara ba, Allah ya yafe mini." Ya goge goshinsa duk da sanyin. "Kin san hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti? Wannan ɗan'uwansa ne. Idan aka wanke kuza, akwai wasu ƙwayoyi masu nauyi da suke saura a yashin. Su ke fitar da shi. Ba ya wari, ba ya zafi, ido ba ya gani. Ba kowane tsibi ke da shi da yawa ba. Naki yana da shi."

"Kowa yana gini da yashin nan, Chibueze. Kakata da shi ta yi daɓe."

"Na sani. Mu muna ta rubutawa a namu takardun, ku ba kwa karanta namu, mu ba ma karanta naku. Ofishina da naki taku nawa ne?"

Ta dubi ruwan.

"Yana kisa?"

"Ba yau ba, ba gobe ba. Wani zai yi shekara arba'in a ciki bai ji komai ba. Wani kuma ya taɓa shi, kuma ba mai iya rantsewa cewa shi ne. Amma ɗan da ke ciki da jariri, su ba a caca da su."

"Ƙwarin fa? Shi ya kore su?"

"A'a. Bai kai ya kori ƙwaro ba."

"To mene ne?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Wannan ban sani ba."

Suka bi sauran gidajen takwas suna cewa gwaji ne kawai. Duk inda suka shiga akwatin ya yi magana. Mata suna kawo musu ruwa, yara suna jingine da bango suna cin masara, shi kuma yana ta ƙas ƙas a bayan kawunansu.

Maganin ba wuya gare shi ba. A jiƙa shafen, a kankare shi har a tarar da jar ƙasa, a kwashe a kai inda za a binne, a sake shafe da yashin rafi. Wuyar tana wani wuri. Ba a kankare bangon gida tara a ɓoye. Za a tambayi dalili. Dalilin kuma shi ne aikin da ta kai neman Farfesa da shi.

A mota Chibueze ya ce, "Ba shawara nake ba ki ba, lissafi nake. Majalisar jami'a za ta zauna a watan Disamba. Bango ya yi shekara goma sha ɗaya, wata huɗu ba za su ƙara masa komai ba. Ki hau kujerar Farfesa, sannan ki gano matsalar da kanki. Har tafa miki za a sake yi."

Ita ma ta yi nata lissafin. Hussaina za ta haihu a Oktoba. Ta yi arba'in. A Nuwamba za a shimfiɗa jaririn a jikin bangon nan, can ƙuryar gado inda ya fi ɗumi, domin nan ake kwantar da jarirai.

Kwana uku tana zuwa ofis ba ta koyar da komai ba. Hoton gidajen yana rataye a gaban teburinta. A bakin tagarta akwai wata 'yar kwalba da ta cika da yashin don nuna wa baƙi. Shekara da shekaru tana nan, taku biyu da kujerarta. Ta ɗauke ta da tsumma ta kai wa Chibueze. A rana ta huɗu ta rubuta wasiƙa, shafi ɗaya. Ta ce ta janye takardunta, ta faɗi dalili. Ta rubuta wa waɗanda suka buga aikinta. Ta kira ɗalibanta ɗaya bayan ɗaya, ta ce su tsayar da duk ginin da ake yi da yashin.

Shugaban sashe ya karanta wasiƙar sau biyu, ya cire tabarau.

"Dakta, kin san wannan ba jinkiri ba ne? Idan ta fita daga ofishin nan, ba na jin za ki sake ganin kujerar."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Wa ya tilasta ki?"

"Ba kowa."

Ya buga hatimi.

Ta tara masu gidajen a gindin mangwaron layin ta gaya musu da bakinta. Wata mata ta zage ta, ta ce dama talaka ake gwaji da shi. Wani dattijo ya tambaya ko ciwon gwiwarsa daga nan ne. Ta tsaya ta sha duka. Ta ce ita za ta ɗauki nauyin aikin. Kafin ƙarshen Satumba gida takwas sun yarda. Ma'aikata suka zo da tsumma a hanci, suna jiƙawa suna kankarewa, baƙin ruwa yana gangarowa ana tare shi a durom.

Malam Jika bai zo taron ba. Ta aika, aka ce ba ya nan. Ta je da kanta sau biyu, ƙofa a rufe, alhali takalminsa na bakin ƙofar. Ta tare ɗansa Nura a inda yake jiran fasinja da kekensa mai ƙafa uku.

"Ni na yarda, Mama Dakta. Wallahi tun da na ji ba na iya jingina da bangon. Amma gidan Baba ne."

"To ka nemi wani ɗaki ka kai matarka."

"In fita in bar shi shi kaɗai? Ya ce ranar da na kwashe kayana, kada in zo jana'izarsa. Kin san shi. Ba ya magana biyu." Ya murza hannun keken ya saki. "Ki same shi bayan Azahar. Lokacin yana zaune."

Hussaina ta haihu ranar tara ga Oktoba. Mace ce.

Lai'atu ta ari akwatin ta tafi ita kaɗai. Ruwan ƙarshen damina yana yayyafi, sama ta yi duhu da rana tsaka. Gidaje takwas sun koma fari fari da sabon shafe, ƙofofinsu a buɗe don su bushe. Na tara yana can ƙarshe. Ta yi sallama. Aka daɗe kafin a amsa.

Yana zaune a falo kan buzu, ya jingina bayansa da bango. Ya tsufa fiye da yadda ta bar shi, amma wuyansa a miƙe yake.

"Barka da arziki, Baba. An samu ƙaruwa."

"An samu. Zauna."

Ta zauna a bakin tabarma.

"Na ga abin da aka yi wa gidajen," ya ce. "Wa ya yi sabon shafen?"

"Wasu magina ne daga Tudun Wada."

"Na gani. Kafin shekara biyu zai zubo. Ba su jira ƙasar ta sha ruwa ba." Ya nuna jakarta da haɓa. "Shi ne abin da ya ce aikina guba ne?"

"Ba aikinka ba ne, Baba. Aikinka ba shi da aibi. Ni na ce a sa yashin. Laifin nawa ne, na faɗa a jami'a, na faɗa a gindin mangwaro."

"An ce kin rasa kujera."

"Na rasa."

"Saboda akwati."

"Saboda jikarka."

Ya dube ta. Sannan ya miƙo hannu. "Kawo. Ba na karɓar shaidar wanda ban gani ba."

Ta kunna ta ba shi. Ya tashi da ƙyar, ya riƙe shi yadda yake riƙe ma'aunin gini. Ya kai tsakar gida, ya tsaya cikin yayyafi. Ƙas. Aka jima. Ƙas. Ya dawo falo ya kara a bango, ya saurara. Ya janye, ya sake karawa. Ya shiga ɗakin da yake kwana, haka. Bai yi gardama ba. Mutum ne da ya san kayan aiki idan ya gan shi.

Saura ɗaki ɗaya, na Nura da Hussaina. Lai'atu ba ta taɓa shigarsa da akwatin ba. Ya tura ƙofar.

Ɗakin ya fi sauran duhu. Bangonsa kusan baƙi ne, sumul kamar tukunya, kuma ɗan hasken da ke shigowa ta kafofin sama yana sa shi ƙyalli, ɗigo ɗigo, ko'ina, kamar abubuwa masu yawa suna kallon mutum. Ɗumi ya tare ta a fuska. An riga an kawo ƙaramin gadon jariri, an ajiye shi a ƙurya, da sabon gidan sauro ba a kwance ba.

Tun daga bakin ƙofa akwatin ya fara gudu. Da Malam Jika ya kai tsakiyar ɗaki ba a iya raba ƙas ɗin da juna. Da ya kusanci bango sai ya zama sauti ɗaya, dogo, kamar ruwan sama a kan kwano.

Lai'atu ta ja baya har ta taka dokin ƙofa.

"Baba, wannan ba irin na sauran ba ne. Me aka sa a nan?"

Bai juyo ba.

"Ɗakin Maimunatu ne," ya ce. "Uwar Nura. Ba ta jure sanyi. Tun ruwan da ya kwana a jikinta a Gangare, ko da rani sai ta rufa. Ke kika ce yashin nan yana riƙe ɗumi, kika ce nauyinsa ne ke riƙewa. Na ce to. Wanda tifa ta kawo na kowa ne. Ni na je tsohon wurin wanki da kaina, na tona ƙasa, inda mai nauyin yake kwanciya. Baƙi ƙirin. Na ɗauko shi a kwanon sarki, sawu talatin da ɗaya. Na tankaɗe sau uku. Ke kin ce kaurin yatsa ɗaya. Ni na yi biyu."

"Ban sani ba, Baba."

"Ban gaya miki ba. Ɗakin matata ne, ba na takarda ba."

Ya matsa gefen gado, ya janye labulen da ya rufe bangon. Daidai inda kan mai kwanciya yake akwai sawun hannu a jikin shafen. Tafin mace, yatsu biyar, ya nutse sosai.

"Ranar da na gama ta shigo tun bai bushe ba. Ta danna hannu ta ce ta ji ko da gaske da ɗumi. Na yi faɗa, na ce ta ɓata mini aiki. Ta ce in bar shi, in na shafe ba za ta yi mini tuwo ba." Ya tsaya. "Shekara bakwai ta yi a nan ba ta ƙara kukan sanyi ba."

Lai'atu ta san Maimunatu ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Ta zo ta'aziyya. A takardarta ta shekarar ta rubuta cewa ba mai tari a gida na tara, kuma gaskiya ne. Ba ta tambayi abin da ya kashe ta ba, domin ba shi take ƙirgawa ba.

"Me likita ya ce, Baba?"

"Ya ce jininta ne ya lalace. Ana ƙara mata, yana ƙonewa. Sankarar jini, in ji shi."

Ya ɗora akwatin a cikin sawun hannun. Ya zauna daram, kamar don shi aka yi wurin. Sautin ya cika ɗakin. Suka tsaya su biyu suna ji. A waje yayyafin ya tsaya, ba kaza, ba muryar yaro, sai wannan.

Ya kashe shi da kansa.

"Ke mai ilimi ce," ya ce. "Zan tambaye ki abu ɗaya, ki dubi Allah ki amsa. Shi ne ya kashe ta?"

Tana iya cewa a'a, ya samu sauƙi, wataƙila ya bari a taɓa bangon. Tana iya cewa e, ya tsorata. Ta dubi tsohon, ta ga ba wanda za a yi wa dabara ba ne.

"Ban sani ba, Baba. Ba wanda zai iya sani. Mutane suna kamuwa da ciwon nan ba su taɓa ganin kuza ba. Yana iya zama shi, yana iya zama ba shi ba."

"To ba ki sani ba."

"Na Inna Maimunatu ban sani ba. Amma na san bai kamata jaririya ta kwana a nan ba. Ko dare ɗaya. Sauran ɗakunan ma haka, amma wannan ya fi. Saura kwana ashirin da shida su dawo. Kwana goma sun isa aikin. Kai za ka tsaya a kai, kai za ka yi sabon shafen da hannunka, ba na kawo maka kowa."

"In sa guduma a nan."

"Za mu yanke wurin hannun a hankali, mu ɗauke shi ɗungurungum."

"Ku kai ina?"

Ta dubi ƙasa. Ya gane.

"Rami. Ku binne tare da sauran. Sannan duk wanda ya wuce ya ga farin bango ya ce, ga ɗakin da Jika ya yi wa matarsa, da ta mutu aka kankare." Ya saki labulen ya rufe sawun. "Shekara arba'in da ɗaya ina gini. Ban taɓa gina abin da ya faɗo wa mutum a ka ba. Yanzu ki zo da akwati ki ce wanda na fi yi da kyau shi ne ya ci mai ɗakin. Kuma da na tambaye ki kin ce ba ki sani ba."

"Baba, ni ma uwata ɗaki ne ya kashe ta. Don kada a sake na shiga aikin nan. Ga shi na gina tara. Ban ce ka yarda da komai a kan abin da ya wuce ba. Yarinyar nan ko suna ba ta daɗe da samu ba."

"Maimunatu aka sa mata."

Lai'atu ta sauka a kan gwiwoyinta a bakin ƙofar. Ba ta taɓa yi wa kowa haka ba, ko a jami'a.

"Na roƙe ka don Allah, Baba. Ka bari a kankare."

Malam Jika ya miƙa mata akwatin. Ya jira har ta karɓa. Sannan ya zauna a bakin gadon, ya jingina bayansa da baƙin bangon, ya dube ta ido cikin ido.

"A'a," ya ce. "Ba za a kankare ba."